Fedal ɗin jita da ka haɗa ya ƙi yi, kana zargin tiransista? Tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan dawowa daga ƴan uwa masu taɓa jita da masu gyaran rediyo a nan Legas, daga Agege zuwa Idi-Araba har Ojo, duk wanda ya haɗa fedal, wato ɗan akwatin da ake takawa ya canza sautin jita, da hannunsa ya jona yaji shiru abu na farko da yake cewa shine tiransista ta mutu. Toh a mafi yawan lokuta ba ita bace. Zan fi yin misali da da'irar Fuzz Face saboda ita kowa yake fara haɗawa, tiransista biyu ce kacal da resista huɗu da kafasita uku da fot biyu, wato resista mai murɗawa irin ta folum, kamfanin Arbiter ne ya fito da ita a Landan a 1966, kuma in ka iya binciken ta sauran bazasu baka wahala ba.

Oga na gama haɗawa, na taka suwic fitila ta kama amma ba sauti. Tiransistar ce ko?

Fitila ta kama ba ya nufin komai illa batir na da ɗan rai kuma layi ɗaya na suwic yana aiki, ita fitilar hanyarta daban bata san ma akwai tiransista a akwatin ba. Kafin ka ɗora ayon, wato ƙarfen liƙin dalma, a kan komai fara da wannan: kashe fedal ɗin, kaɗa jita, sauti na wucewa zuwa amf? In baya wucewa ko a kashe, toh matsalar tana jak ko suwic ko kebul, bata kai bod ba ma tukuna. In yana wucewa a kashe amma da ka taka sai ɗif, yanzu ne aka zo bod, kuma ko a nan ɗin ka fara duba ko ka juya kebul, wato jita ta shiga ramin fita amf ya shiga ramin shiga. Wannan yana faruwa sosai musamman in akwatin a kife yake kana aiki a cikinsa, dama ta koma hagu. A kashe zai yi aiki lafiya lau saboda waya ce kawai miƙaƙƙiya, a kunne kuma bazaka ji komai ba.

Sai batun jak ɗin shiga. Yawancin zane suna amfani da jak mai ƙafa uku, kai da zobe da jiki, baƙar wayar batir tana kan zobe, sai ka cusa filogin jita sannan zobe ya haɗu da jiki wuta ta zagaya. Kenan in kana awo ba kebul a ramin shiga fedal ɗin a mace yake, ba lalacewa yayi ba. In kuma ka musanya kai da zobe wajen liƙi shima shiru zakaji.

Me zan tanada kafin in fara bincike?

Mita. Ko irin ƴar rawayar nan mai arha DT830 ta isa. Sabon batir 9 bolt, zanen da ka bi wajen haɗawa a buɗe a gabanka, takarda da biro, da haske mai kyau. In akwai gilashin ƙara girma na masu gyaran waya ka aro.

Ina zan ɗora mitar, kuma lamba nawa ya kamata in gani?

Nan ne ainihin aikin yake, dan Allah ka natsu. Saka mita a DC 20, baƙar waya a giraun, wato jikin jak, ja kuma ita zaka riƙa yawo da ita. Kebul a cuse, ba sai ka kaɗa jita ba. Fara da batir yana jone, ba a cire ba, domin gajiyayyen batir zai iya nuna maka 9 a hannu da an ɗora masa kaya ya zube. In a cire 9 ne a jone kuma ya faɗo 5 ko 3 ko kaji yana ɗumi, cire shi maza, akwai inda fozitib ya taɓa giraun. Fuzz Face wutar da take ja, banda ta fitila, bata wuce miliyam ɗaya da ɗan wani abu ba, babu dalilin da zai sa batir yayi zafi.

Daga nan ka auna ƙafafu uku na kowace tiransista, emita da bes da kolekta, ka rubuta duka shida. In silikon ce irin BC108 ko 2N3904, ta farko emita 0, bes wajen 0.6, kolekta wajen 1.2 zuwa 1.4. Ta biyu bes ɗinta daidai yake da kolektar ta farko domin waya ɗaya ce ta haɗa su, in kaga lambobin biyu sun bambanta kar ka ƙara neman komai, liƙin tsakaninsu ne bai kama ba. Emitar ta biyu wajen 0.6 zuwa 0.7, kolekta kuma ana so ta zauna kusa da rabin batir, wajen 4.5.

In jamaniyam ce irin AC128 lambobin sun fi ƙanana: bes na farko 0.1 zuwa 0.2, kolektar farko wajen 0.5 zuwa 0.7, kolektar ta biyu dai wajen 4.5. Tiransistocin nan iri biyu ne, NPN da PNP, BC108 da 2N3904 NPN ne, AC128 kuma da yake PNP ce fozitib ne a giraun, mita zata nuna maka alamar ɗebewa a gaban lambobin, wannan daidai ne kar ya tsorata ka.

Ƙa'idar da zaka riƙe ko wane fedal ne: tsakanin bes da emita na silikon mai aiki akwai kusan 0.6, na jamaniyam 0.1 zuwa 0.3, kuma kolekta bata manne da batir bata manne da emita. Duk inda wannan ya karye nan zaka tsaya ka tona.

Kolektar ta biyu tana nuna 9 cif, kusan daidai da batir. Me kenan?

Ma'ana wuta bata bi ta cikinta kwata-kwata, a rufe take. Amma a rufe ba shine a mace ba. Emitarta tana sauka giraun ne ta cikin fot ɗin 1k, toh in ƙafar fot ɗin da ya kamata ta je giraun bata je ba, ko wayar ta tsinke a cikin roba, tiransista sabuwa fil ma haka zata nuna. Auna emitar, auna ƙafafun fot. Sannan duba bes ɗinta, in yana kusa da 0 toh ta farko ce ta janye shi ƙasa, ko dalma ta haɗe kolektar farko da giraun, ko resistar 33k bata kawo wuta. Sai duk waɗannan sun fita lafiya, bes na da wuta emita na da hanya amma kolekta na nan a 9, sannan zaka fara kallon tiransistar da idon zargi, kuma ko a lokacin ma ka fara tabbatar da ƙafafunta suna inda ya dace.

Ni tawa akasin haka ce, kolektar ta biyu tana ƙasa sosai, wajen 1.

Ta buɗe ne har ƙarshe. Yawanci laifin daga ta farko yake: in ta farko bata aiki kolektarta zata haura sama, ita kuma ta tura bes na biyu da ƙarfi. Abin da ke kunna ta farko shine resistar 100k da ta taso daga emitar ta biyu ta koma bes na farko, duba ta da kyau. Duba kuma kafasitar 22uF da ke ƙafar tsakiya ta fot ɗin 1k, in ta haɗe a ciki zata ja emita ƙasa, gane ta ba wuya, murɗa fot ɗin kana kallon mita, a fedal mai lafiya lambobin DC basa motsi da murɗa wannan fot ɗin, in suna yawo toh kafasitar ce.

Wani abu kuma da ba lalacewa bane: in ka saka silikon a zanen da aka yi wa jamaniyam, da resistar 8.2k ɗin nan ta kolektar ta biyu, sau da yawa kolekta takan sauka wajen 3 ko ƙasa da haka. Lissafin a fili yake, 0.7 bolt a kan 1k ya bada 0.7 miliyam, ka bi da shi ta 8.2k da ƴar uwarta ƙarama mai 470 ya cinye kusan bolt 6, saura 3. Maganin shine ka cire 8.2k ka saka tirima, wato ƙaramin fot na kan bod, ta 10k ka murɗa har ka samu 4.5, daga nan kuma kunnenka ya ƙarasa, wasu sun fi son sautin a 5 ko sama kaɗan.

Ai na bi hoton zanen daidai, ta yaya ƙafafu zasu juye?

Ɗan uwa wannan ita tafi kowace matsala yawa, wallahi. Baƙaƙen tiransistocin roban nan duk kamarsu ɗaya amma jerin ƙafafunsu ba ɗaya ba. Riƙe ta gefen da yake shafaffe mai rubutu yana kallonka, ƙafafu ƙasa, ka karanta daga hagu: 2N3904 da 2N5088 emita, bes, kolekta. BC547 da BC548 da BC549 kolekta, bes, emita, wato a juye. C945 da C1815 na Japan, waɗanda suka cika tsofaffin rediyo da talabijin, su kuma emita, kolekta, bes, bes ɗin a gefe yake ba a tsakiya ba. Kaga in zane ya ce 2N3904 ka je kasuwa mai shago ya ce babu amma ga BC547 duk ɗaya ne, gaskiya ya faɗa ta wani ɓangaren, zata yi aikin, amma sai ka juya mata fuska. Masu gwangwanin ƙarfe irin BC108 akwai ɗan kunne a gefe, ƙafar da ke kusa da shi emita ce. AC128 kuma yawanci ɗigon fenti ne a gefen kolekta.

Abin da ke ruɗa mutane shine in emita da kolekta suka musanya tiransistar bata mutuwa kuma bata yin shiru gaba ɗaya, tana ɗan aiki da rauni, sai kaji sauti siriri yana yankewa sai ka daki igiya da ƙarfi yake fitowa, sai mutum ya ce ai ta fara lalacewa ne. Juya ta kawai.

Toh yaya zan gwada ita kanta tiransistar in tabbatar?

Cire ta daga bod tukuna, gwaji tana liƙe ƙarya yake bayarwa saboda resistocin da ke kewaye da ita. Saka mita a alamar dayod. In NPN ce, ja a bes, baƙa a emita, sannan baƙa a kolekta, duka biyun silikon zata nuna tsakanin 0.55 da 0.75, wasu mitocin su rubuta 650 ko makamancin haka. Juya wayoyin, baƙa a bes, duka biyun kada ta nuna komai. Sai tsakanin kolekta da emita, gaba da baya, shima kada ta nuna komai. In PNP ce haka zakayi amma baƙa ce ke fara zama a bes. Inda kaga 0 ko mita ta yi ƙara ta haɗe, inda ya kamata kaga 0.6 ba komai ta tsinke, wannan ita ce matacciya ta gaske, jefar da ita kar ta koma cikin gwangwanin kaya.

Jamaniyam zata nuna 0.1 zuwa 0.3, kuma tsakanin kolekta da emita tana iya nuna wata lamba maimakon ba komai, saboda dama can tana yoyo, wato tana ɗan barin wuta ta wuce ko ba'a kunna ta ba, wannan kaɗai bai isa a yanke mata hukunci ba.

Akwai ƙaramar na'urar gwaji mai allo da ake sayarwa, irin LCR-T4, ka cusa ƙafafu uku ka danna ta faɗa maka NPN ce ko PNP, wace ƙafa ce wace, da hFE, wato ƙarfinta na ninka wuta. In kana yawan wannan aikin kuɗinta halal ne.

Ramin hFE na mita ya nuna 180 a AC128 ɗina, ai mai kyau ce ko?

Kar ka yarda da shi a kan jamaniyam. Mitar tana haɗa wutar yoyo da ta ainihin aiki ta baka jimla, tiransista mai yoyo sosai sai ta fito kamar gwarzuwa. Hanyar da masu haɗa fedal suka saba bi ita ce ta R.G. Keen, wani mai rubuce-rubuce kan haɗa fedal: batir 9 bolt, resista 2.472k a kolekta, ka haɗa 2.2k da 270 ka kusa isa, da resista 2.2M da zaka riƙa jonawa bes. Da farko bar bes a sake ka auna bolt a kan resistar kolekta, wannan yoyo ne, ka raba shi da 2472 ka samu yawan wutar, misali 0.5 bolt kusan maikro'am 200 kenan. Sannan jona 2.2M ka sake aunawa, ɗebe na farko daga na biyu ka ninka da 100, shine hFE na gaskiya. In na farko 0.5 na biyu 1.4, ƙarfinta 90 ne.

Abin da aka fi so a Fuzz Face shine ta farko wajen 70 zuwa 85, ta biyu wajen 100 zuwa 130, yoyo kuma ƙasa da maikro'am 300, in ya fi haka ƙasa ma ya fi. Kuma bayan ka taɓa ta da yatsa ka bata minti ɗaya ko biyu ta huce kafin ka karanta, zafin hannunka kaɗai yana tura lambar sama, zaka gani da idonka tana saukowa a hankali.

Da safe yana yi lafiya, da rana ko a wajen biki sai ya riƙa kakarewa. Aljanu ne?

Hhh ba aljanu bane malam, jamaniyam ce da zafin Legas. Yoyonta kusan ninkawa yake duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10, su kuma lambobin da ke cikin zanen an zaɓe su ne a Ingila inda ɗaki yake wajen digiri 20. Mu nan rana tana kai 32, 33, balle akwatin ƙarfe baƙi da aka ajiye a ƙarƙashin kanofi ko ya sha rana a but ɗin mota a gosulo, cikinsa ya wuce haka nesa. Da ta ɗau zafi sai ta farko ta ƙara yoyo, lambobin su gusa, galibi kolektar ta biyu ta haura 6 ko 7, sauti ya koma tsattsage yana yankewa. Ka kai shi ɗaki mai esi ya huce ya dawo garau. Ba abin da ya lalace.

Ni ra'ayina, wanda zai riƙa fita da fedal wasa a garin nan ya haɗa na silikon ya huta. In kuma ka nace sai jamaniyam saboda laushin sautinta, kuma gaskiya akwai daɗi musamman in ka rage folum ɗin jita ya washe, toh ka zaɓi mai ƙarancin yoyo a ta farko, ka cire 8.2k ka saka fot 20k a waje inda hannunka zai kai, ka saita shi a cikin zafin da zakayi wasa ba a ɗakin sanyi ba. Kuma kar ka yi wa akwatin baƙin fenti.

Na jona adafta sai wari, yanzu ko da batir baya yi.

A nan kam tana yiwuwa an yi kisa. Fedal ɗin jita irin tsarin kamfanin Boss 9 bolt DC yake so kuma tsakiyar filogin nagetib ne, su kuma adaftocin da suka cika gidajenmu na dikoda da rauta yawanci 12 bolt ne tsakiya fozitib, kuma bakin yana shiga daidai, shine tarkon. Duba ɗan zanen da ke jikin adafta kafin ka jona, in ba zane auna da mita. Abin da ke fara tafiya shine kafasita mai ruwa, zakaga kanta ya kumbura, da dayod ɗin kariya in akwai, wadda takan haɗe ta riƙa cinye batir. Su zaka fara cirewa ka gwada kafin tiransista.

Abu biyu kuma. In ramin adaftan da ka saka na ƙarfe ne a akwatin ƙarfe, jikinsa fozitib ne zai taɓa akwati wanda yake giraun, shot kenan kai tsaye, nemi na roba. Sannan fedal ɗin PNP mai fozitib a giraun ba'a haɗa shi a adafta ɗaya da sauran fedaloli, kebul ɗin sauti zai haɗe fozitib da nagetib. Bar shi a batir, ai baya ci.

Yana yi amma da ƙugi, wani lokacin har tashar rediyo nake ji a amf.

Wannan ma ba mutuwar tiransista bace, hasalima alama ce tana aiki da ƙarfinta. Cire adafta ka saka batir, in ƙugin ya tafi adaftan ne, ƙananan marasa nauyin nan irin cajar waya suna zuba ƙara sosai, janareto da inbata suna ƙara nasu. In bai tafi ba duba ko akwatin ƙarfe ne kuma yana haɗe da giraun, fedal a robar sabulu ko a buɗe kan tebur dole ya kwashi ƙugin wutar gida mai 50 Hz da duk abin da ke yawo a iska, garin kuma cike yake da tashoshi. Gajarta wayoyi, raba wayar shiga da ta fita kar su kwanta tare. In silikon mai ƙarfi ka saka irin BC109C ko BC547C, masu hFE 420 zuwa 800, zata iya yin fito da kanta in ka ƙure fot, saka ƙaramar kafasita 100pF tsakanin kolekta da bes na ta biyu, yawanci shikenan har rediyon ya tafi.

In kuma igiyar jita tana ɗan jan ka ko makirfo na cizon leɓe, wannan ba fedal bane, 9 bolt baya jan mutum. Amf ne ko soket ɗin da ba'a ja masa wayar at ba, wato wayar ƙasa, a kira mai wayarin, kuma kar ka buɗe cikin amf da kanka musamman mai bawul, akwai ɗaruruwan bolt a ciki ko bayan an kashe.

Duk lambobin sun yi daidai amma har yanzu shiru.

Madalla, tiransistocinka lafiyarsu ƙalau kenan, sauti ne ya ɓata a hanya. Haɗa abin bin sauti: tsohon kebul ɗin jita, yanke kai ɗaya, wayar waje ka saka mata kilif ka maƙala a giraun, ta tsakiya ka liƙa mata kafasita 0.1uF, mai rubutun 104, ɗaya ƙafar kafasitar ita ce tsinkenka. Ɗaya kan a amf, folum ƙasa ƙasa. Sa wani ya riƙa kaɗa jita ko ka saka kiɗa daga waya a hankali, ka bi hanya: kan jak, suwic, kafin kafasitar shiga, bayanta, kolektar farko, kolektar biyu, mahaɗar 470 da 8.2k, bayan kafasitar fita, ƙafafun folum, suwic, jak ɗin fita. Inda sauti ya tsaya, tsakanin nan da inda ka baro matsalar take. A bes na farko sauti yakan yi ƙasa sosai a wannan da'irar, kar ka ɗauka ya mutu a nan, wuce kolekta kaji.

Sau da yawa suwic mai ƙafa tara ne, in ayon ya daɗe a kansa robar da ta riƙe ƙafar takan narke ƙafar ta saki a ciki. Ko an saka shi a karkace, ƙafafunsa a kwance ya kamata su kasance ba a tsaye ba.

Resista tana iya zama matsala? Ai sababbi ne.

Ba lalacewa suke ba, musanya su akeyi. 470 rawaya, shuni, ruwan ƙasa ce, 470k rawaya, shuni, rawaya. 33k ruwan lemo uku, 330 lemo, lemo, ruwan ƙasa. A hasken tocila da dare bazaka bambance ba. Auna kowace kafin ka liƙa, in an riga an liƙa ɗaga ƙafa ɗaya ka auna.

Ya yi wata da watanni yana aiki, da damina ta shigo ya fara ƙarar tsatsa yana ɗaukewa.

Laimar garin nan da iskar gishiri ga waɗanda ke kusa da ruwa. Jak yakan yi tsatsa, layukan tagulla na bero bod, wato bod mai ramuka, su yi kore, ragowar fulos, wato man liƙin dalma, da ba'a goge ba ya jiƙa ya fara ɗaukar wuta tsakanin layi da layi. Wanke bayan bod da sifirit da tsohon buroshin haƙori, bar shi ya bushe, bi tsakanin layukan da bakin reza, sake narka duk liƙin da yayi dishi-dishi ko ya dunƙule bai kwanta ba. In tiransistar a soket take ciro ta ka kankare ƙafafun ka mayar, girgizar danfo da acaba tana kwance su. Ƙunshin silika ɗin da ke zuwa a kwalin takalmi jefa ɗaya a cikin akwatin.

In ta tabbata ta mutu, ina zan samu wata, kuma me zan saka?

Silikon ba wahala, masu kayan gyaran lantarki a Alaba International da ke Ojo da Arena a Oshodi suna da 2N3904, BC547, BC548, C945, kuma ba tsada, sayi da yawa ka zo ka auna ka zaɓa, masu ƙaramin hFE sun fi daɗi a Fuzz Face, BC547A ko 2N3904 sun fi masu C a ƙarshe sauƙin sarrafawa. Tafi da mitarka, ko ina ka saya, domin rubutun jiki ba kullum yake faɗin abin da ke ciki ba, musamman tsofaffin lambobi da aka daina yi irin NKT275, in kaga ana tallarsu tuli sababbi ƙal da arha ka yi hattara.

Jamaniyam kuma tsofaffin masu gyaran rediyo zaka bi, rediyoyin Japan na shekarun 1960 zuwa farkon 1970 suna ɗauke da irin 2SB54, 2SB56, 2SB175, duk PNP ne kuma suna yi. Ka gaida baba da kyau ka ce ya duba maka cikin matattun rediyo, ka karɓi duk abin da ya samo domin ba duka zasu wuce gwajin yoyo ba. Wajen liƙawa ka maƙala kilif a ƙafar tsakanin ayon da jikinta ya shanye zafi, daƙiƙa biyu zuwa uku ka ɗaga, jamaniyam bata jure abin da ya wuce digiri 75 zuwa 90 a cikinta, silikon tana kai 150. Ko ka liƙa soket ka cusa ta bayan ya huce.

Zan iya cire PNP in saka NPN a bod ɗin da na riga na haɗa?

Zaka iya amma ba ita kaɗai zaka canza ba. Juya wayoyin batir, ja ya tafi inda baƙi yake baƙi ya koma giraun, juya kafasitoci biyu masu ruwa, 2.2uF ta shiga da 22uF ta fot, juya fitila, in akwai dayod ɗin kariya ita ma. In PNP silikon kake so ka gwada ba tare da juya komai ba saka 2N3906, jerin ƙafafunta irin na 2N3904 ne, kuma hanya ce mai sauƙi ta gane ko jamaniyam ɗinka ce matsala ko bod ɗin. In da 2N3906 sauti ya fito, ko da bai yi daɗi ba, bod lafiya yake, sai ka koma ka auna yoyon tsofaffin ɗaya bayan ɗaya.